Tambayi Baba Direba: In Babbar Mota Ta Tsaya A Tsakiyar Hawa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haduwa. Sakonnin wannan karon sun taru a kan abu daya kamar an hada baki, wato tsayuwar babbar mota a kan tudu, to na tsinto guda shida a ciki, wadanda basu ga nasu ba suyi hakuri shafi ne ya kasa.

TAMBAYA: Salam Baba, Allah ya kara girma. Ni yaron mota ne shekarata biyu kenan ina bin tirela muna dauko siminti zuwa Jos. Duk sanda muka zo Hawan Kibo in mota ta fara nishi sai oga yace in dauki waigi, wato katakon da ake tare taya da shi, in dira in rinka bin tayar baya a kasa, in ta fara komawa baya in jefa. Rannan wallahi na jefa ta taka shi ya fito kamar harsashi ya wuce ta gefen kafata, da nayi magana yace haka kowa ya koya, shima haka ogansa yayi masa. Baba da gaske haka aikin yake ko ni ne matsoraci? — Wani yaron mota, daga Bukuru

AMSA: Wa alaikumus salam yarona. Kai ba matsoraci bane, jikinka ne ya gaya maka gaskiya kafin bakin oganka. Kuma maganarsa cewa haka kowa ya koya, eh bai yi karya ba, nima haka aka yi min, na bi taya da waigi a wannan hawan da kake fada har tafin kafata ya san kowane rami na wajen, amma dan an dade ana yin abu ba shi ke nufin daidai bane, da yawa daga wadanda muka koya tare yau da sanda suke tafiya.

Zo muyi lissafi tare dan ka gane abin da kake tarewa. Buhu 600 na siminti kowanne kilo 50, tan 30 kenan, ka dora nauyin kai, wato gaban motar mai inji, da na bodi a kai kana maganar tan 45 ko kusa da haka, in kuma irin masu daukar 900 ne to kaga sai abin da ya karu. Hawan da a duk taku goma yake daguwa taku daya, kashi daya cikin goma na nauyin motar ne yake janta baya, wato wajen tan hudu da rabi, kuma wannan tana tsaye cak ne. Da zarar taya ta juya ko sau daya ne lissafi ya canza, nauyi ya samu gudu, shi kuwa waigi aikinsa ya hana wadda ta tsaya motsawa, ba a yi shi dan ya tsaida wadda ta riga ta tafi ba. Ko dai ta haye shi ta wuce ko ta tofar da shi kamar yadda ta yi maka, in kuma kafarka ta zame a kan tsakuwa, to Allah ya kiyaye kawai.

Yadda ake yi shi ne direba ya fara tsaida motar da kansa. Ya taka birki ya rike, ya ja hambirki, kafarsa na kan birkin bai daga ba sannan ya ce maka sauka. Kai kuma ta gefe zaka zo, jikinka gaba daya a wajen layin taya, hannu kadai zai shiga, shi yasa nake son waigi mai mariki ko wanda aka huda aka sa masa igiya. Ka sa shi ta bangaren gangare, in mota na kallon sama bayan taya kenan, in tana kallon kasa gaban taya, ka buga shi ya manne da robar sosai kar ka bar tazara, dan 'yar tazarar nan ita ke bawa taya damar daukar gudu. Tayoyin baya na kai zaka fara da su tunda su ke jan motar kuma lodi ya danne su, hagu da dama, in akwai kari ka kaiwa bodi. Sai ka daga masa hannu ya gani a madubi, sannan ya kashe inji ya barta a giya daya in sama take kallo, ribas in kasa take kallo, ya karya sitiyari zuwa dama wajen daji dan in ma ta kwace ta bar titi. Giyar nan fa taimako ce kawai, ita kadai bata rike tirela mai lodi. Direban da ya diro daga mota a kan tudu kafin a sa waigi, ko da fitsari ne ya matse shi, ni a wajena bai gama koyon mota ba.

Shi kansa waigin a duba shi. Tayar tirela tsayinta ya kai mita daya da 'yan kai, waigi ya kamata ya kai kwatan wannan, kamar dani daya da dan kari, fadinsa kuma ya kusa fadin tayar. A samu icce mai tauri irin kirya ko madaci a bawa kafinta ya fafe shi ya dauki lankwasar taya. Bulo kam rugurgujewa yake kamar gurasa, dutse mai mulmulen baya kuma mirginawa yake tare da tayar, ballantana da rana in kwalta ta yi laushi ko da damina in ta jike.

Amma tsakani da Allah matsalarku tun a kasan hawa take farawa. Mafi yawan motar da ke mutuwa a tsakiyar Hawan Kibo ko dai obalodi ne ko direba ya shigo da babbar giya yana jin dadin gudu, sai da mota ta shake ya tashi neman karama, giya ta ki shiga, kuloci ya dau wari, shikenan sai a fara kiran yaro. Tun kana kasa ake zabar giyar da zata kai ka sama, a hau a hankali ko masu kananan motoci zasu cika ka da hon. Ka samu oganka a lokacin da ransa yake fari, bayan an ci an sha shayi, kace masa ranka ya dade waigi zan sa amma sai mota ta tsaya. In yace lallai sai ka bi taya a guje to yarona garejin Najeriya yawa ne da shi, kafa kuwa biyu Allah ya baka.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Ni kamiyo, wato babbar mota, nake ja daga Duwala zuwa Njamena. Kwanaki a gangaren dutsen nan tsakanin Ngaundere da Garwa na tsaya gefe dan in duba taya, na ja dan hannun birkin bodi da ke jikin sitiyari na sauka, minti kamar ashirin sai naga mota ta fara tafiya da kanta, Allah yasa yarona yana ciki ya taka birki. Gashi iska ta cika kafin na sauka. Aljanu ne ko me? — Direba daga Garwa, Kamaru

AMSA: Dan uwa a bar aljanu su huta, wannan karon ba ruwansu. Wancan dan hannun ba birkin fakin bane, iska yake turawa birkin bodi, iska kuwa bata zama, ta wani tiyo da ya tsage ko roba da ta tsufa tana tsiyaya sannu sannu kunne baya ji saboda karar titi, inji a kashe babu mai mayar da ita, da ta yi kasa sai birkin ya saki. Shi birkin fakin na gaskiya akasin haka yake aiki, wani katon sifirin ne a cikin tukunyar birkin baya, iska ce ke danne shi a lokacin da kake tafiya, in ka ja hambirki sai iskar ta fita sifirin ya kama. Kaga shi ko iska ta kare kaf yana nan rike.

Sai dai akwai abu biyu da suke cin mutane. Na daya tsofaffin bodi da yawa basu da wannan sifirin sam, iska kadai ce, ka cire kai ka barsu da dare da safe ka tarar sun sauka gari. Na biyu kuma wanda yafi bani haushi, mota ta lalace a hanya bakanike ya daure sifirin da noti dan a samu a ja ta zuwa gareji, a gama gyara a manta ba a kwance ba, ko a barshi da gangan wai tukunyar na yoyo babu kudin sabuwa. Direba yana ta yawo da hambirkin da ba ya rike komai bai sani ba, sai ranar da ya tsaya a kan dutse.

Ka rinka kallon agogon iska. Lafiyayyar mota tana cika tsakanin 100 zuwa 125 a ma'aunin psi, in naka ma'aunin bar yake nunawa kamar yawancin motocin Turai to wajen 7 zuwa 8 da rabi. In ta sauko kusan 60 psi jar fitila ko kararrawa zata tashi, kasa da haka tsakanin 45 da 20 sifirin zai kama da kansa ko kana so ko baka so, ko a tsakiyar kwana ne. Dan haka da jar fitila ta kama nemi gefe tun kana da ikon zabar inda zaka tsaya. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi, a fili mai lebur ka sa waigi, iska ta cika ka kashe inji ka saki hambirki, ka taka birki ka rike, bayan allurar ta dan fadi ta tsaya sai ka kirga minti daya, in ta kara sauka fiye da 4 psi a mota mai kai da bodi to akwai yoyo, a nemo shi kafin a dau hanya. Kullum kuma a bude kasan tankunan iska ruwa ya zube.

Tunda gangare ka ambata bari in kara maka daya. In ka sauko dogon dutse birki ya yi zafi har kana jin kauri, kar ka tsaya a nan take ka ja hambirki ka barshi manne da karfe mai zafi, yana lalata shi, kuma dan Allah kar a kwara masa ruwa, tsagewa yake. In dai birkin na kamawa ka lallaba da karamar giya zuwa inda kasa ta kwanta, a sa waigi, a barshi ya huce da kansa. Masu sa mota a firi a gangare dan tsimin gas kuwa wannan sai mun ware musu shafi guda.

TAMBAYA: Malam ni ba direban babbar mota bane, karamar mota nake da ita ina yawan bin hanyar Akwanga zuwa Lafiya. Fisabilillahi me yasa mutanenku in motarsu ta lalace sai su karyo ganye su zuba taku biyar a bayan mota su ce sun sa alama? Sannan in sun tashi su bar duwatsu a tsakiyar titi. Da dare na taba hawa kan irin dutsen nan taya biyu suka fashe. — Ma'aikaci daga Lafiya

AMSA: Alhaji ka yi hakuri, laifi namu ne bazan kare kowa ba. Hanyar da kake bi ma ai akwai hawan nan na wajen Nasarawa Eggon da mutane suka lakabawa suna Many Have Gone, sunan kadai ya isa wa'azi.

'Yan uwana direbobi ku saurara. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a dakika daya, kafin mutum ya gani ya gane kafarsa ta kai kan birki dakika daya da rabi ta wuce, mita 40 kenan bai ma fara rage gudu ba. To ganyen da ka zuba taku biyar a bayanka wa zai ceta? Sai dai ya zama shaida bayan an yi karo. Gashi da dare ganye baki ne kamar kwalta, kuma mutane sun daina yarda da shi tunda ko ina akwai busasshen ganyen motar da ta tashi tun makon jiya.

Alamar nan ja mai kusurwa uku da ke kyalli in fitila ta haska ta, wadda muke cewa kwashan, doka ce ka rike ta, kuma ba dan ka nunawa 'yan rod sefti a shingen hanya ka mayar karkashin kujera aka yi ta ba. A Amurka dokar manyan motoci tace guda uku zaka rike, cikin minti 10 da tsayawa ka jera su, daya kamar mita 3 daga motar ta bangaren da motoci ke tahowa, daya mita 30 a baya, daya mita 30 a gaba in hanyar ta masu zuwa da masu dawowa ce, in kuwa tudu ko kwana ya boye ka to ka kai ta har mita 150. Wannan na karshen shi ne maganarmu. Mafi munin waje shi ne ka tsaya jim kadan bayan kan tudu, wanda ke tahowa ya hau da karfinsa baya ganin komai sai sama, yana lekowa sai gashi a gindin bodinka. Dan haka kwashan dinka can zata je daya gefen tudun inda zai ganta tun yana hawa, ka taka da kafarka ka waiwayo, in kana hango motarka to shima zai hango, in baka hangota to nan ne ake bukatar alamar. Taku 150 zuwa 200 na babban mutum, a kirga kar a yi kiyasi. Mai kaiwa ya bi gefen titi ya rike ta a kirjinsa tana kallon motoci, da tocila in dare ne.

Tirafiketa biyu a kunna tun kafin a sauka, kyallen nan mai kyalli na bayan bodi a goge masa laka dan in batir ya mutu shi kadai ya rage maka. Kunna wuta a gwangwani ko kona tsohuwar taya a bayan mota kuma a daina, mai na iya diga baka sani ba. A kira 122, layin hukumar kiyaye hadurra ne kyauta, a gaya musu inda aka tsaya, a kira mai mota ya turo janwe ko bakanike, kar a kwana uku ana jiran ya gama fushi.

Duwatsu kuwa Alhaji gaskiyarka. Mun taso muna ji a makarantar allo cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, to wanda ya dauko abin cutarwar da hannunsa ya ajiye ya tafi fa? Mai babur da dare shi yafi kowa shan wahalarsu. Wanda ya sa shi zai kwashe, ganye da dutse duka.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Maigidana direba ne, yace min in mota ta lalace musu a hanya karkashinta suke shimfida tabarma su kwana saboda inuwa da barayi. Tunda naji hankalina bai kwanta ba. — Matar direba, daga Funtuwa

AMSA: 'Yata lafiya lau, kuma hankalinki ya yi daidai da ya ki kwanciya. A fili ma bana so balle a kan tudu, dan ko motarsa bata motsa ba wani na iya zuwa ya daketa ta baya. Ki ce masa inji Baba ya dauki tabarmarsa ya hau gefen daji ta saman motar, ba ta bangaren da zata gangaro ba, yana hango kayansa daga can. In gyara ne ya sa dole a shiga karkashi, waigi gaba da baya, makulli a aljihun wanda ya shiga, kuma jak kadai ba a yarda da shi a kan gangare, sai an tara katako mai kauri a karkashi. Ki fada masa da lallashi, kin san halinmu.

TAMBAYA: Baba ni tanka nake ja. In lokacin sallah ya kama ni a kan hawa fa, ko mota ta mutu mutane suka fara taruwa? — Direban tanka, daga Suleja

AMSA: Sallah dai addini ya yiwa matafiyi sauki, akwai kasaru akwai hada azahar da la'asar, magariba da isha, ka tambayi limaminku ya warware maka. Minti goma da zaka kara ka kai inda kasa ta kwanta ba zai fitar da kai daga lokaci ba, kuma zaka yi sallar da nutsuwa ba kana sujada kunnenka na kan taya ba.

Mutuwar tanka a tudu kuwa ta fi ta kowa. Man da ke ciki ruwa ne, in ka tsaya sai ya koma bangaren gangare ya yi ta tangadi kafin ya natsu, dan haka kar ka daga kafa daga birki da wuri, ga gefen titi in kasar ta yi taushi tayar dama ta nutse sai tanki ya kwanta. In ya fara zuba kasa zai bi, tururin fetur ma ya fi iska nauyi, kwari yake nema ya kwanta, wato duk wanda ke kasan motar shi ke cikin hadari ko yana ganin ya yi nisa. Ka kashe inji, ka kora mutane sama da nesa, ba sigari ba tada babur ba janareto. Mun ga Majiya a Jigawa a watan Oktoban 2024, sama da mutum 150, mun ga mahadar Dikko nan kusa da kai a Janairun 2025, sama da 80, duk wajen dibar mai. In sun ki ji kai dai ka matsa ka yi ta kiran 122 da 'yan kwana-kwana.

TAMBAYA: To Baba an gyara mota za a tashi, taya ta danne waigi ya ki fita, yaya za ayi? — Sabon direba, daga Mararrabar Jos

AMSA: Kar wanda ya sa hannu ko ya dauko guduma yana bugu. Ka tada inji ka jira iska ta cika har kaji ta yi tsaki, ka sa giya daya, ka dago kuloci har kaji mota ta dau nauyinta tana neman gaba sannan ka saki hambirki, ka matsa taku daya ka sake kamawa. Yaro ya jawo waigin da igiya ta gefe, ya kwaso kwashan, ya shigo ya rufe kofa sannan ku tashi. In hawan ya yi tsanani har kana tsoron sake tsayawa to ka wuce abinka ka jira shi a sama inda ya kwanta, ya tako da kafa, ba wai ya biyo ka a guje yana neman makalewa a jikin kofa da waigi a kafada ba. In kasa take kallo kuma ribas zaka dan taba kafin ya zare.

Masu tambaya a kan tayar tokumbo da wadda aka yiwa sabon zane, na ga sakonninku sun kai goma sha, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.